Ciye-ciyen leda ko tukunyar gida: wanne ya fi rage ƙiba a Damagaram?

Akwai wata shawara da ke yawo a wayoyin mutane ta WhatsApp da Facebook, ta kuma samu karɓuwa wurin ma'aikatan biro da matan aure masu son rage tumbi. Wai kada ka zauna ka ci tuwo ka ƙoshi, ka riƙa jefa ɗan abu a baki bayan kowace awa biyu ko uku, kuma abin ya zama na cikin leda ko kwali, irin wanda aka rubuta wa “na lafiya”: biskit mai dusa, nonon kamfani, lemun kwali, gyaɗa da dabino a ƙunshe. Masu shawarar suna cewa ta haka yunwa ba za ta taɓa kama ka ba, jiki kuma zai wuni yana narkar da kitse. A ɗaya gefen ga tsarin da muka tashi a kai: karin kumallo, abincin rana, tuwon dare, duka daga murhun gida. Wanda ya ƙudura rage nauyi sai ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓin ya shafi aljihunsa, da zamansa da iyalinsa, da lafiyarsa. Ni dai na karkata ga tukunyar gida, amma ba a kowane hali ba, kuma ba tukunyar kamar yadda take yanzu a yawancin gidajenmu ba.

Mu fara da zancen cewa yawan ci kaɗan-kaɗan yana sa jiki ya ƙona abinci da sauri. Akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Duk lokacin da mutum ya ci abinci, jiki yana kashe wani kaso na ƙarfin abincin wajen narkar da shi, kimanin kashi 10 cikin 100. Sai dai wannan kaso yana bin jimillar abin da aka ci ne, ba ya bin sau nawa aka ci. Rumbu bai san ko tiya goma ka juye masa a lokaci guda ba, ko ɗai-ɗai ka riƙa zubawa. Abin da ya sani shi ne nawa ya shiga, nawa ya fita. An gwada wannan a jami'ar Ottawa ta ƙasar Kanada, aka buga sakamakon a 2010. Masu ƙiba 16 aka raba gida biyu, aka rage wa kowa abinci daidai wa daida. Kashi ɗaya suna ci sau uku a rana, ɗaya kashin sau shida. Bayan mako 8 duk sun rage nauyi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Wani gwajin da aka buga a Amurka a 2013 ya kwatanta ci sau uku da ci sau shida na abinci iri ɗaya, ya samu cewa ƙona kitse bai ƙaru ba, masu ci sau shida ma sun fi kukan yunwa da kwaɗayin ƙari. Wannan na biyun ba zai ba kowa mamaki ba, domin ɗan abin da bai kai ya cika ciki ba, tsokanar yunwa yake yi.

Haka zancen yake ga masu cewa sirrin yana cikin taƙaita lokacin ci. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an bi mutum 139 har tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2022. An rage wa kowa abinci, amma rabinsu an ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai. Bambancin nauyin da suka rage bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba. Ke nan agogo ba shi ne alƙali ba. Tambayar da ta dace ita ce: a cikin tsarin biyu, wanne ne zai sa ka ci ƙasa da abin da jikinka ke kashewa ba tare da ka galabaita ba, kuma ka iya ɗorewa a kai wata da watanni?

A nan ne ya kamata mu buɗe ledar mu ga abin da ke ciki. Kayan da ke kan kantocin Sabon Gari da Zango, wasu da rubutun Ingilishi suka zo daga Najeriya, wasu da Faransanci ko Larabci. Gaban leda talla ne, gaskiyar tana baya, a cikin ɗan jadawalin nan mai ƙananan haruffa. Nemi layin da aka rubuta “pour 100 g”, wato a kowane giram 100, ka duba kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, sannan “matières grasses” wato maiƙo, da “dont sucres” wato sukarin da ke ciki, da “sel” wato gishiri. Ka kuma duba jerin kayan haɗi, domin ƙa'ida ita ce a fara rubuta wanda ya fi yawa. In ka ga sukari ya zo na biyu ko na uku, to hoton alkama da ganyen da ke gaba ba zai canza komai ba. Biskit, ko mai dusa ne, yawanci yana tsakanin kalori 450 zuwa 500 a giram 100. Gyaɗa soyayya ta kusa 600. Busasshen dabino kusan 280. Kokwamba kuwa 15 ne, kankana 30, mangwaro 60. Dalilin wannan tazara mai sauƙi ne: kayan leda an cire musu ruwa don su daɗe ba su lalace ba, an kuma ƙara musu mai da sukari don su yi daɗi. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sukari ko gari 4, ruwa kuwa babu ko ɗaya.

A yi lissafin wunin mai ciye-ciye. Ƙaramin ƙunshin biskit na giram 50 da hantsi, kalori kusan 240. Kwalin lemu na santilita 25 ya haura 100. Gyaɗa giram 50, wadda tafin hannu biyu ke ɗauka, kusan 290. Dabino biyar da la'asar, sama da 100. Ledar nonon kamfani mai zaƙi ta ƙara nata. Kafin magariba mutum ya doshi kalori 900, alhali shi a ransa bai ci abinci ba tun safe. Babbar mace na bukatar kimanin 2000 a rana, namiji kimanin 2500, gwargwadon jiki da aiki. Sai kuma dare ya yi, a kawo tuwon gero da miyar kuka, iyali su zauna. Wane ne zai ce wa matarsa ko mahaifiyarsa shi biskit ya ishe shi? Ba ya faruwa. A aikace, ciye-ciyen leda a gidan Bahaushe ba ya maye gurbin tuwo, ƙari yake zama a kansa.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda aka buga a 2019. Mutum 20 suka zauna a cibiyar mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta wanda aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita kalori da sukari da maiƙo da gishirin da ake ajiye musu a nau'in biyu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kowace rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A makonnin dafaffen abinci suka rage kusan kilo ɗaya. An lura kuma cewa abincin masana'antar da sauri suke cinye shi. Abu mai laushi da ba ya bukatar tauna yana wucewa kafin ciki ya kai ga sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya isa.

Mu nan muna da shaida a gaban idonmu cewa ƙanƙantar leda ba ta nufin ƙarancin ƙarfi. Kullun gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, giram 92 ne kacal amma kalori 500 ke ciki. An yi shi ne don ya mayar wa yaron da ya rame da tsoka da nauyi, kuma yana aikin. Babban da ya tsotse shi da sunan abin lafiya ya cuci yaron da aka tanadar wa, ya kuma ƙara wa kansa abin da yake gudu.

Sai abin sha, wanda a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, shi ne babbar ƙofar da sukari ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin rana, wato kimanin giram 50 ga babba, in da hali ma a tsaya a giram 25, ƙaramin cokali shida ke nan. Gwangwanin lemun kwalba na santilita 33 yana da kusan giram 35. Lemun kwali, ko da an rubuta zallar 'ya'yan itace ne, sukarinsa bai yi nisa da wannan ba, kuma hukumar ta sa shi a lissafi ɗaya da sukarin cokali, haka ma zuma. Lemun zaƙi guda da ka ɓare ka tauna da zarensa yana riƙe ciki. Ruwansa da aka matse ba ya riƙe komai. Ga kuma haƙora: wanda ke wuni yana tsotsar zaƙi ba ya ba bakinsa hutu, kuma yawan maimaita zaƙi yana cikin abubuwan da ke kawo cin haƙori.

To, ban ce leda ba ta da amfani ba, kuma masu yabon ta suna da hujja biyu masu ƙarfi. Ta farko ita ce awo. Abin da ke cikin leda an san nauyinsa, an rubuta ƙarfinsa, in ya ƙare ya ƙare. Tuwon da ke cikin kwano ɗaya da mutum biyar ba wanda ya san loma nawa ya yi. Ta biyu ita ce tsabta da jure zafi. Wanda ya shiga mota daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko mai zuwa Agadas, ya fi masa kwanciyar hankali ya riƙe abin da ke rufe da ya sayi abin da ya wuni a buɗe cikin rana da ƙura. Haka wanda ba shi da firigo, ko wutar unguwarsu ba ta tsayawa. Kuma ba duk abin da ke cikin gwangwani ko leda ne ya zama ɗaya ba. Sardin, in ka tsiyaye man, abinci ne mai gina jiki. Madarar gari marar sukari, nono marar zaƙi, gyaɗa zalla da ba a shafa mata sukari ba, waɗannan ba a sauya su da yawa daga yadda Allah ya yi su ba. Alama mai sauƙi ita ce gajartar jerin kayan haɗi: in abu biyu ne ko uku da ka san su, ya fi wanda ke da layi biyar na sunayen da ba ka taɓa gani a madafi ba.

Yanzu mu juyo kan tukunyar gida, don ita ma tana da laifinta, kuma wanda ya ce abincin gargajiya ba ya sa ƙiba bai duba da kyau ba. Gero da dawa da wake da zogale da kuka da kuɓewa, waɗannan kaya ne da mai son rage nauyi zai yi fatan samu a ko'ina cikin duniya. Wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshensa sinadarin gina jiki ne, ga shi da riƙe ciki. Matsalar tana wurin abin da muke yi musu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke kwarara shi a kan shinkafa da wake, da ɗanwake, da taliya. Fura da nono abinci ne cikakke, amma mun mayar da ita ruwan da ake korawa da shi bayan an ci shinkafa, an kuma zuba mata sukari. Koko da ƙosai da fanke da safe, ga shayin fada zagaye uku da rana, kowane kofi da zaƙinsa. Sannan tuwon dare ya fi kowane abinci girma, a ci a kwanta.

Bambancin shi ne duk waɗannan suna gyaruwa ba tare da an sayi komai sabo ba. Abu na farko, kuma mafi wuya, shi ne ware kwano. Cin tarayya yana da albarka da daɗin zumunci, ba na kuma son a rasa shi, amma kana iya zama cikin iyalinka da naka faranti a gabanka. Rabinsa ya zama ganye da kayan lambu, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji ko salak. Kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Sauran tuwo ko shinkafa ko dambu, malmala ɗaya madaidaiciya. Mai a auna shi da cokali. Fura a sha ta a matsayin abincin rana ita kaɗai, ba sukari. In uwa ta ga an rage ci ta fara damuwa, ba a yi mata gardama, a ce: “Inna, Allah ya saka da alheri, na ƙoshi. Likita ne ya ce in rage saboda hawan jini, ki taya ni da addu'a.” Da wuya uwa ta ji haka ba ta zama mai tsaron kwanon da kanta ba. Addini ma ya riga ya ba mu ma'auni a hadisin da Tirmizi ya ruwaito: kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi.

Ta fuskar kuɗi ba sai an ja zance ba. Ɗauki abin da za ka kashe kan biskit da lemun kwali da nonon leda na mako guda, ka shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis ka ga tiya nawa ta wake da ƙwai nawa da kayan miya nawa zai saya. Tsarin da mutum ɗaya ne kawai a gida zai iya bi, kuma sai ranar da albashi ya shigo, ba zai kai watan uku ba.

Akwai hanya ta uku, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara: ci uku a kan lokaci daga tukunyar gida, da ɗan abin taɓawa ɗaya, ko biyu in tazara ta yi tsawo, wanda ka tanada tun safe. Kalmar tanadi ita ce ginshiƙi a nan, domin wanda yunwa ta kama a titi abin da ya fara gani zai saya, kuma abin da ke bakin titi yawanci soyayye ne. Dafaffen ƙwai ɗaya kalori 70 zuwa 80 ne kuma yana riƙe ciki fiye da biskit mai ninkinsa uku. Kokwamba da karas da tumatir suna arha lokacin sanyi in kayan lambun rani sun shigo daga wajen Mirriya da Gidimuni. Mangwaro ɗaya a lokacinsa, yankan kankana, gwaiba, kofin kindirmo ba sukari. Goriba da magarya suna ɗaukar lokaci a baki, mai kwaɗayi yana samun abin yi ba tare da ya ci da yawa ba. Gyaɗa da aya da ƙuli-ƙuli suna da kyau amma suna da nauyi, a tsaya a tafin hannu ɗaya, kuma a zuba a hannu a rufe ledar, kada a ci daga cikinta. Kilishi da fara da cuku suna gina jiki, sai dai gishirin kilishi da na soyayyar fara ba ƙarami ba ne, kuma ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a wuni, har da na miya da na dunƙulen ɗanɗano. Mai hawan jini ya kiyaye wannan sosai. Alkaki da nakiya a bar su ga ranar biki.

Wa ya dace da wanne? Ma'aikacin biro da ke wuni a kujera shi ne ya fi kowa cutuwa da ciye-ciye, domin durowar tebur tana kusa kuma jikinsa ba ya kashe da yawa. Shi ci uku ya ishe shi, da gorar ruwa, da tafiyar ƙafa; shawarar hukumar ga manya ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, bayan asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ɗan kabu-kabu da direba da ɗan kasuwar da ba ya komawa gida da rana, su ne ƙunshi ke yi wa amfani, amma su haɗa shi da kansu: ƙwai biyu, ɗan dambu ko wake a kwano mai murfi, in ta kama sardin da gutsuren burodi. Uwargida matsalarta daban ce, ciye-ciyenta ba na leda ba ne: ɗanɗanon miya, ragowar yara da ba a so a zubar, ƙanzon tukunya. Ita gyaranta shi ne ta zauna ta ci nata a faranti a lokacinsa, ragowar kuma a rufe.

Akwai waɗanda bai kamata su yanke wannan hukunci su kaɗai ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyi irin su glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa in ya tsallake ci ko ya rage shi kwatsam, sai jiri da rawar jiki da gumi, har suma. Shi ɗan abin taɓawa tsakanin abinci na iya zama wajibi, kuma ya riƙa yawo da sukari ko dabino a aljihu don irin wannan lokaci; likitansa ne zai tsara masa. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage abinci ba ne a gare su, gyara irin abincin za su yi. Mai gyambon ciki ma ya fara ganin likita. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, kada ya yi murna, ya je a auna masa sukari.

Duk wanda ka zaɓa, ba shi mako huɗu kafin ka yanke masa hukunci. Hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ka karya, a kan sikeli ɗaya. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da likitoci suka yarda da shi, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taimaka wa hawan jini da sukari. Mai kilo 90 ke nan ya sauke huɗu da rabi zuwa tara. Wanda ba shi da sikeli ya samu zare, ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya lanƙwasa shi gida biyu ya zama rabin tsawonsa, ya zagaya cikinsa da shi daidai saman cibiya kaɗan. In bakin zaren biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. In mako huɗu suka wuce ba abin da ya motsa, kafin ka taɓa tuwonka fara da rubuta duk abin da ka sha a kwana uku, daga shayin fada har zuwa zoɓo da lemun tsamiya, ka ƙirga cokulan sukarin da ke ciki.